NA-Fluor: kayan awon NA na bairos ɗin mura, abin da yake aunawa da abin da ba ya aunawa

NA-Fluor kayan gwaji ne na kamfanin Applied Biosystems, wanda yake ƙarƙashin Thermo Fisher Scientific, kuma aikinsa ɗaya ne tak: auna ƙarfin enzayim ɗin niyuraminides, wato NA, da ke jikin bairos ɗin infuluwenza, tare da gano yawan maganin da zai dakushe shi. Don masu sa ido kan bijirewar magani aka yi shi. Sai dai masu binciken yadda bairos yake haɗa jikinsa a cikin sel ya fito ya bazu su ma sun rungume shi saboda saurinsa, kuma a hannunsu ne aka fi ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. A ganinmu, ga wanda yake neman IC50, wato yawan maganin da yake rage ƙarfin NA da rabi, wanda zai iya gwama shi da na wasu ɗakunan gwaje-gwaje, wannan kaya ne mai kyau da bai cika ba da ciwon kai ba. Ga wanda yake son ya san ko bairos ya toho ya bar sel, ko kuwa zai bazu, lambar da farantin gwajin ya bayar shaida ɗaya ce kawai, kuma ba ita ce mafi ƙarfi ba.

Sai an san inda NA yake shigowa a rayuwar bairos ɗin, domin daga nan kuskuren fassara sakamako yake farawa. Infuluwenza A tana da gutsattsarin RNA guda 8, kuma a cikin nukiliyas ake kwafarsu, abin da ba a saba gani ba a tsakanin bairos masu RNA. Kowane gutsure yana naɗe da furotin NP, da injin kwafa mai sassa uku a bakinsa. Furotin biyu na bairos, M1 da NEP, su ne suke fitar da su daga nukiliyas ta hanyar furotin CRM1 na sel ɗin, sannan su hau 'yan jakunkunan da ke ɗauke da furotin Rab11 zuwa fatar sel ta sama. Kafin su isa, NA da HA, wato furotin da bairos yake kama sel da shi, sun riga sun taru a wuraren fatar da kolestarol ya yi yawa, furotin M2 na bairos kuma yana ta gefe. M1 ya shimfiɗu a ƙarƙashi, fatar ta kumbura ta yi toho, gutsattsarin takwas su shige, bakwai sun kewaye ɗaya kamar yadda hotunan maikuroskof na lantarki na Noda da abokan aikinsa suka nuna a 2006. Tsinke wuyan tohon kuma aikin M2 ne, abin da Rossman da Lamb da abokan aikinsu suka nuna a 2010.

Ko wuyan ya tsinke, bairos bai tafi ba tukuna. HA ɗinsa yana nan manne da sinadarin siyalik da ke fatar sel ɗin da ya fito daga ciki, da wanda ke jikin 'yan uwansa. NA ne yake yanke siyalik ɗin ya sake shi. Tun a 1974 Palese da abokan aikinsa suka nuna haka da bairos wanda NA ɗinsa yake daina aiki idan zafi ya ƙaru: ƙwayoyin suna haɗuwa daidai, amma sai su taru curi-curi a bakin sel, su kasa tafiya. Ke nan haɗuwa daban, tsinkewa daban, saki daban. NA na ukun yake riƙe da shi, sai kuma taimaka wa bairos ya ratsa majinar hanyar numfashi, wadda ita ma cike take da siyalik. A jikin ƙwaya mai zagaye mai faɗin kusan nanomita 100, ƙayoyin HA sukan kai 300 zuwa 400, na NA kuwa 40 zuwa 50. NA-Fluor da waɗannan 'yan kaɗan ɗin kawai yake hulɗa.

Abin da ke cikin kwalin

Sinadarin da ake ba enzayim ya yanka shi ne MUNANA, wanda Potier da abokan aikinsa suka fito da shi a 1979. Siyalik ne aka ɗaura masa wani ɗan sinadari mai suna 4-MU. Muddin suna haɗe, ƙyallin kaɗan ne. Da zarar NA ya raba su, 4-MU yakan yi ƙyalli idan aka haska shi da haske mai tsawon zango tsakanin nanomita 350 da 365, a karanta tsakanin 440 da 460. Ban da MUNANA, akwai ruwan bafa, wato ruwan da yake riƙe pH wuri ɗaya, mai ninki biyu da ake tsarmawa rabi da rabi da tataccen ruwa ya koma kusan 33 mM na MES da 4 mM na kalsiyam kulorayid a pH 6.5, da ruwan tsayarwa. Kwali ɗaya na aikin farantai goma ne masu gurbi 96.

Abin da babu a ciki ya kamata mai saye ya sani tun kafin kaya su iso. Babu magungunan, babu 4-MU na awo, babu itanol, babu bairos na ma'auni, wato wanda aka riga aka san yadda yake jin magani. Rashin 4-MU shi ne ya fi ba mu mamaki, tunda ba tare da shi ba lambobin na'ura ba su da wata ma'ana a wajen wannan na'urar. An rubuta a jikinsa cewa na bincike ne kawai, ba na gano cuta ga majiyyaci ba, kuma haka ya kamata a ɗauke shi.

Aikin yakan kasu kashi biyu, kuma na farkon ne mutane suke son tsallakewa. Dole a fara auna ƙarfin NA na kowane samfuri kafin a kawo maganar magani. Ana tsarma samfurin ninki biyu-biyu a cikin bafa a bin layin kwance, a bar gurbin ƙarshe babu bairos, 50 µL a kowane gurbi. A zuba 50 µL na MUNANA mai ƙarfin 200 µM, wanda zai koma 100 µM a cikin gurbi, a rufe, a ajiye minti 60 a 37°C cikin duhu, a tsayar da 50 µL na ruwan tsayarwa, a karanta. A gefe guda a yi jerin 4-MU da aka san yawansa, cikin bafa ɗaya da ruwan tsayarwa ɗaya, domin a mayar da lambobin na'ura zuwa pikomol.

Lissafin zaɓen tsarmi ba shi da wuya. Gurbi mai 100 µL na 100 µM yana ɗauke da pikomol 10,000 na MUNANA. Ana son enzayim ya ci abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba a cikin sa'ar, wato kusan pikomol 1,000 ko ƙasa da haka, domin gudunsa ya kasance ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan bairos ya yi yawa, MUNANA zai ragu a tsakiyar aiki, ƙyalli ya daina ƙaruwa, gurbin da babu magani ya nuna ƙasa da gaskiyarsa, sai IC50 ya kumbura, a ɗauka bairos ya fara bijirewa alhali yawa ne ya yi. Akwai dalili na biyu: waɗannan magunguna suna kama NA da ƙarfi sosai, a ƙasa da nanomola ɗaya ga yawancin infuluwenza A, don haka idan yawan enzayim ɗin kansa ya kusanci wannan adadi, abin da ake aunawa ya koma yawan enzayim, ba ƙarfin magani ba. Idan kuma bairos ya yi kaɗan, ƙyallin banza na gurbin da babu bairos zai cinye sakamakon. Duk samfuran da za a gwama da juna a kawo su ƙyalli ɗaya, kowanne da tsarminsa.

Kashi na biyu shi ne na IC50. Ana zuba 25 µL na magani mai ninki huɗu na ƙarfin da ake so, sai 25 µL na bairos, a ba su minti 20 zuwa 30 a 37°C, sannan 50 µL na MUNANA, minti 60, sai tsayarwa. Ninki huɗun daga jimillar 100 µL ya fito. Wanda yake son matakin sama ya zama 1,000 nM sai ya haɗa 4,000 nM. Tsarin da ya fi dacewa da faranti shi ne matakai goma, kowanne ya ragu da ninki 3.16, wato 100 µL a cikin 216 µL na bafa, daga 1,000 nM har kusan 0.03 nM. Layin tsaye na 11 bairos ne babu magani, na 12 bafa ne babu bairos. Tunda bairos ɗin yanzu a cikin 25 µL zai shiga ba 50 ba, tsarmin da aka zaɓa a kashin farko sai an ninka ƙarfinsa biyu. Wannan ɗan abu yana ɓata farantai da yawa. Ruwan tsayarwa ana haɗa shi da itanol, shi kashi 60, itanol kashi 40. Faranti ɗaya yana shan 4.8 mL, a haɗa wajen 5.5 mL saboda abin da kan maƙale a kwanon fifet.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne na maganin kansa. Abin da ke cikin ƙwayar Tamiflu oseltamivir fosfet ne, kuma sai enzayim na hanta ya sarrafa shi ya zama oseltamivir kaboksilet kafin ya yi aiki sosai. A cikin gurbi babu hanta. Wanda ya narkar da ƙwayar magani ko ya sayi fosfet ɗin zai ga kowane bairos kamar ya bijire, har na ma'auni. Zanamivir da peramivir ba su da wannan matsala, amma laninamivir ma yana da siffar da sai jiki ya sarrafa, a kula da wadda aka saya.

Sai kalsiyam. NA enzayim ne mai kai huɗu da yake buƙatar kalsiyam don ya tsaya da ƙafarsa. Ragowar sinadarin EDTA da ake ɓanɓaro sel da shi yana ɗauke kalsiyam ɗin, ruwan gishiri na PBS kuma fosfet ɗinsa yana haɗuwa da kalsiyam su kwanta. A tsarma da bafan kwalin kawai. Jan launin finol da ke cikin ruwan rainon sel yana shanye haske, kuma hakan ya fi cutar da samfurin da NA ɗinsa ba shi da ƙarfi, wanda ba a iya tsarmawa da yawa. Irin wannan samfuri ya fi kyau ya fito daga ruwan raino marar launi. MUNANA kuwa da kansa yake warwarewa a hankali idan ya sha haske ko ɗumi ko ya daɗe a narke. Alamarsa ita ce layi na 12 yana ƙara haske daga mako zuwa mako. A raba shi ƙananan kaso a firiza, a naɗe, a haɗa na aiki a ranar aiki, ragowar a zubar.

Lokacin da ake ba magani da bairos kafin MUNANA ya shigo ba ado ba ne. Oseltamivir da zanamivir a hankali suke kama NA har su kafu, don haka minti 10 da minti 45 ba za su ba da IC50 ɗaya ba. A zaɓi lokaci ɗaya a tsaya a kai, a rubuta shi a rahoto. Ruwan tsayarwa shi ma aiki biyu yake yi: yana kashe enzayim, yana kuma ɗaga pH sama da 10, inda 4-MU ya fi ƙyalli, domin pKa ɗinsa kusan 7.8 ne. Mai son bin gudun enzayim minti-minti ba tare da tsayarwa ba zai iya, amma a pH 6.5 hasken ya yi rauni ƙwarai, kuma jerin 4-MU na awo dole a yi shi a wannan pH ɗin. A na'urar karatu a kafe ƙarfin ƙara sigina wuri ɗaya. Idan aka bar ta tana zaɓa da kanta a kowane faranti, jerin 4-MU na jiya ba zai yi amfani a yau ba. Gurabun gefe sukan yi tururi su ragu idan ba a manne murfi da kyau ba, kuma farantan da aka jibga kan juna a inkubeta na tsakiya ba ya yin ɗumi da wuri.

Inda kayan suka ci kuɗinsu

A nan ne NA-Fluor ya fi haɗin gida. IC50 ba lamba ba ce da ke tsaye ita kaɗai. Ga maganin da yake takara da MUNANA a kan mazauni ɗaya, lissafin Cheng da Prusoff na 1973 ya nuna IC50 daidai yake da Ki sau jimillar ɗaya da yawan MUNANA bisa Km, inda Ki yake nuna ƙarfin riƙon magani ga enzayim, Km kuma shi ne yawan MUNANA da enzayim yake kai rabin cikakken gudunsa da shi. A ɗauka Km na wani NA 25 µM ne. A 100 µM na MUNANA, IC50 zai zama ninki biyar na Ki, a 50 µM kuwa ninki uku. Bairos ɗaya, magani ɗaya, lamba biyu. Ɗakunan gwaje-gwajen da ke haɗa nasu kowa da yawan MUNANA ɗinsa, da lokacinsa, da ruwan tsayarwarsa. Kwalin ya kafe waɗannan duka, shi ya sa cibiyar CDC da ke Atlanta a Amurka ta yi amfani da shi a aikinta na sa ido, kuma akwai sakamakon da aka wallafa mai yawa da mutum zai dubi nasa a kai.

Duk da haka ba a yanke hukunci da lambar tsura. Ƙa'idar da kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar a 2012 da ninki take aiki, a kan matsakaicin bairos masu jin magani na nau'i ɗaya. Ga infuluwenza A, ƙasa da ninki 10 daidai ne, 10 zuwa 100 dakushewar ta ragu, sama da 100 ta ragu ƙwarai. Ga infuluwenza B iyakokin 5 da 50 ne, domin ita B tun asali IC50 ɗinta na oseltamivir ya fi na A nesa ba kusa ba. Saboda haka kowane zagayen aiki yana buƙatar bairos na ma'auni guda biyu, mai jin magani da wanda aka san ba ya ji. Wanda aka fi sani shi ne mai sauyin H275Y a N1, nau'in NA na bairos H1N1, wanda yake ɗaga IC50 na oseltamivir ninki ɗaruruwa amma ya bar zanamivir yana aiki. Shi ne ya bayyana da yawa a ƙasar Norway a sanyin 2007 zuwa 2008, kafin kakar da ta biyo baya kusan duk H1N1 na lokacin ya ɗauke shi, har sai da sabon H1N1 na 2009 ya ture shi. Idan na ma'aunin bai nuna wannan hoton ba, wato oseltamivir can sama zanamivir a ƙasa, farantin ne ke da matsala, ba samfuran ba.

A dubi siffar zanen, kada a tsaya ga lambar da manhaja ta fitar. Zanen lafiyayye yana saukowa sau ɗaya ya kwanta kusa da sifili. Idan ya sauko ya tsaya a tsakiya, ko ya yi hawa biyu, ɗaya daga abu biyu ne: samfurin cakuɗe ne na mai jin magani da marar ji, ko akwai wani NA da ba na bairos ba. Bakteriya irin su Streptococcus pneumoniae suna da nasu enzayim mai yanka MUNANA, kuma magungunan mura ba sa dakushe shi a irin wannan ƙarfi. Lissafin manhaja zai matse zanen ya ba da IC50 ko ta halin ƙaƙa, kuma lambar ba ta kowa ba ce. Karanta jerin halittar NA ne yake warware zancen.

Akwai iyakoki uku da ba laifin kwalin ba ne amma mai saye ya san da su. Samfurin hanci ko maƙogwaro kai tsaye yawanci NA ɗinsa bai isa ba, sai an raini bairos ɗin tukuna, kuma raino yana iya kawo sauyin da babu shi a jikin majiyyaci. Bairos H3N2 da aka raina a sel ɗin raino na MDCK na gama-gari an san shi da ɗaukar sauyi a matsayi na 151 na NA, abin da ya sa da yawa suka koma MDCK-SIAT1. Na biyu, baloxavir da aka amince da shi a Japan da Amurka a 2018 furotin PA yake hari ba NA ba, NA-Fluor ba ya cewa komai a kansa. Na uku, ninki a faranti ba shi ne hukuncin likita ba.

Ga masu binciken haɗuwa da bazuwa

A nan gizo ke saƙa. Dabarar da ake yawan gani ita ce a ɗebi ruwan saman sel bayan wasu sa'o'i, a auna NA, a ce wannan shi ne yawan bairos da ya fita. Gwajin yana da sauri, sa'a biyu an gama, ga lambobi masu kyan gani. Amma MUNANA bai san bambanci tsakanin cikakken bairos mai gutsattsari takwas, da fanko marar RNA, da ɗan yankin fatar sel ɗin da ya mutu ya farfashe ba. Duk inda NA mai kai huɗu yake, zai yanka. Sel ɗin da bairos ya cika fatarsa tana ɗauke da NA mai yawa, kuma idan aka jira har sel-sel suka fara mutuwa, tarkacensu kaɗai ya isa ya haska faranti. Ko NA da aka sa sel ya ƙera shi kaɗai, babu sauran furotin na bairos, yana iya fitowa cikin 'yan ƙwayoyi masu kama da bairos. Ke nan ganin ƙyalli a ruwan sama bai tabbatar da cewa M1 ya yi aikinsa ko RNA ta shiga ba.

Wanda zai yi amfani da shi a wannan fanni, ga abin da zai sa lambar ta yi nauyi. A ɗebi samfuri da wuri, kafin sel su fara lalacewa, a kuma auna mutuwarsu da gwajin LDH, enzayim ɗin da sel yake zubarwa idan ya mutu, a cikin ruwan nan ɗaya. A auna NA na cikin sel ɗin da aka narkar, a ba da sakamako a matsayin kason da ya fita bisa jimilla, domin sauyin da ya rage ƙera NA zai yi kama da sauyin da ya hana toho idan ruwan sama kaɗai aka duba. A narkakken sel a sa gurbin sel marar bairos, saboda sel yana da nasa enzayim masu yanka siyalik, ko da yake na cikin laisosom ya fi son pH mai tsami fiye da 6.5. A fara juya ruwan saman a santirifuj a hankali don tarkace ya kwanta, sannan a ratsa shi ta matashin sukuros na kashi 20 cikin 100 a babban santirifuj, a auna abin da ya kwanta a ƙasa. Shi ma sai an nemi M1 da NP da HA a cikinsa da westan bulot, a ƙirga gutsattsarin RNA da RT-qPCR, a auna iya kamuwa da gwajin filak, wato tabon da bairos yake yi a shimfiɗar sel, ko na TCID50. Idan NA yana nan daram amma iya kamuwa ta faɗi, zancen shigar RNA ne. Idan matsalar ta tsinke wuya ce, kamar yadda ake gani idan M2 ya samu naƙasa, ƙwayoyin sukan jeru a manne kamar tsakiya a zare, kuma maikuroskof na lantarki ne kaɗai zai nuna wannan.

Wani tarko na musamman ga wannan rukuni: a gwajin toho an saba zuba NA na bakteriya, na Vibrio cholerae ko Clostridium perfringens, a cikin ruwan raino don a saki ƙwayoyin da suka maƙale. Wannan ruwa ba ya aunuwa da NA-Fluor, enzayim ɗin da aka zuba zai rufe komai. Haka ma idan an raini sel da oseltamivir a ciki don a ga tasirinsa a kan saki, maganin zai biyo samfurin har cikin gurbi ya dakushe awon, sai a ɗauka babu bairos alhali enzayim ɗinsa ne aka ɗaure.

Siffar bairos ita ma tana taɓa lambar. Na ɗakin gwaji irin su PR8 da WSN galibi masu zagaye ne, amma waɗanda aka samo daga majiyyata sau da yawa dogaye ne kamar zare, wasu tsawonsu ya kai maikuromita da dama, NA ɗinsu kuma yakan taru a ƙarshe ɗaya. Yawan NA a kan kowace ƙwaya ba ɗaya ba ne tsakanin siffofin biyu. Matata mai ramin 0.22 ko 0.45 µm tana iya riƙe dogayen, daskarewa da narkewa kuma suna kakkarya su. Mai gwama nau'i mai zagaye da mai tsawo da NA kaɗai bai san abin da ya ƙirga ba.

Babbar iyakar kuwa ita ce girman MUNANA. Ƙaramin sinadari ne da yake yawo a ruwa, yana isa mazaunin yanka ta kowace kusurwa. Siyalik na gaske yana kan dogayen rassan sukari a jikin furotin, a kan fatar sel ko a cikin majina mai kauri, haɗe ta α2,3 ko α2,6, kuma MUNANA ba ya bambance waɗannan biyun. NA mai gajeren kara yana iya yanka MUNANA lafiya lau amma ya sha wuya wajen kai wa ga siyalik na kan babban furotin, saboda ƙayoyin HA da ke kewaye sun fi shi tsawo. Haka antibodin da ya kama gefen kan NA, ba cikin mazaunin ba: yana tare babban furotin, amma MUNANA yana zamewa ya wuce. Wanda yake auna garkuwar jini a kan NA da wannan kaya zai rasa yawancin abin da yake nema. Gwajin ELLA ne na wannan aiki, inda ake shafe faranti da furotin fetuwin, a bar bairos sa'a 16 zuwa 18 a 37°C, sannan a gano galaktos ɗin da ya bayyana da lektin na PNA, furotin mai kama sukari. Ya fi jinkiri, ya fi wahalar hannu, amma ya fi kusa da abin da NA yake fuskanta a jiki. Batun bazuwa daga sel zuwa sel kuwa ya dogara ne a kan daidaito tsakanin riƙon HA da yankan NA, kuma rabin wannan daidaiton kawai faranti yake gani. Girman filak, da jadawalin hayayyafa, da sel na hanyar numfashin mutum da aka raina suna fuskantar iska suna fitar da majina, su ne suke amsa wannan tambaya.

Akwai 'yan uwansa daga kamfani ɗaya, NA-Star da NA-XTD, waɗanda sinadarinsu da kansa yake fitar da haske ba sai an haska shi ba. Sun fi jin ƙaramin NA, don haka suna da amfani ga samfuri mai rauni, amma IC50 ɗinsu yakan fi ƙanƙanta, kuma tazarar da ke tsakanin mai jin magani da marar ji takan fi fitowa fili a gwajin ƙyalli. Kada a haɗa lambobin iri biyun a tebur ɗaya. Haɗin gida kuma, wato a sayi MUNANA da MES da kalsiyam kulorayid daban a tsayar da sodiyam haidurokzayid cikin itanol, ya fi araha ga mai farantai da yawa, kuma yana ba da damar sauya yawan MUNANA don fitar da Km, abin da kwali mai ƙayyadadden MUNANA ba zai ɗore masa ba. Ɗakin da yake yin 'yan farantai a kaka, ko yake horar da sababbin hannu, ko yake aika sakamako ga cibiyar sa ido, kwalin ya fi masa. Wanda aikinsa nazarin gudun enzayim ne zai ƙarar da MUNANA ɗin kwalin alhali bafa yana nan jibge.

Maganar kariya ba ta wuce ƙa'idar nau'in bairos ɗin ba: na kaka-kaka a matakin kariya na biyu, wato BSL-2, cikin akwatin kariya, har zuwa lokacin da aka tsayar. Ana iya sa sabulun gwaji, NP-40 kashi 0.1 ko Triton X-100 kashi 1 cikin 100, ya narkar da fatar bairos ya bar NA yana aiki, kuma sau da yawa hakan yakan sa gurabe su fi daidaita da juna tunda curin ƙwayoyi ya watse. Amma kafin a fitar da faranti zuwa na'urar da ke wani ɗaki bisa dogaro da sabulu ko itanol, sai kwamitin kariya na wurin ya tabbatar da hanyar da gwajin raino. Sabulun yana iya ɗan motsa ƙarfin NA, don haka ko dai a sa shi a duk samfura har da na ma'auni, ko kada a sa ko ɗaya. Masu binciken toho kuma su sa shi bayan matashin sukuros, ba kafinsa ba, domin da zarar fata ta narke babu sauran hanyar raba bairos da tarkacen sel.